Kyamarar Kwamfuta da Ɗaukar Hoton Sammai: Yadda Masu Sha'awa Suka Shiga Fagen Masana Falaki

1.0 Gabatarwa

Tun fil azal ɗan Adam yake ɗaga kai yana duban sama, yana kuma raɗa wa abin da ya gani suna. Bahaushe ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya kuma san Kaza da 'Ya'yanta. Amma fa gani daban, adana abin da aka gani daban. Lokacin da Galileo ya kafa madubin hangen nesa a watan Janairu na shekarar 1610, ya hango watanni 4 suna kewaya duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupiter, ba shi da abin da zai adana ganin nan sai alƙalami da takarda. Sai a shekarar 1840 John William Draper ya ɗauki hoton wata a birnin New York, ɗansa Henry Draper kuwa ya ɗauki hoton gajimaren taurari na Orion a 1880. Daga nan hoto ya zama babban makamin ilmin falaki, sai dai makami ne mai tsada, wanda galibi manyan cibiyoyi da masu hali ne suke iya mallaka.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda wata 'yar ƙaramar na'ura, wadda aka ƙera domin hira ta fuska da fuska a intanet, ta rushe wannan shinge, har malamin makaranta ko akawun ofis ya iya ɗaukar hoton duniyoyi daga bayan gidansa. Za a dubi matsalar da ta daɗe tana damun masu wannan aiki, da dabarar da aka warware ta da ita, da kayan aiki da manhajojin da ake bukata, sa'an nan da irin amfanin da ilmi ya samu daga hannun waɗannan mutane.

2.0 Matsalar Iska

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta da tsakar rana a lokacin bazara ya ga kawalwalniya, watau yadda abin da ke nesa yake rawa kamar yana cikin ruwa. Dalili shi ne iska mai zafi da mai sanyi ba su karya haske daidai wa daida, kuma kullum cuɗanya suke yi. Abin da ke faruwa a kan kwalta shi ne yake faruwa a sararin samaniya baki ɗaya, shi ya sa taurari suke ƙyafta ido da dare. Madubin hangen nesa yana ƙara girman abin da ake kallo, yana kuma ƙara girman wannan rawa tare da shi.

Domin a fahimci girman matsalar, wajibi ne a san ma'aunin da masana suke amfani da shi. Ana kasa digiri ɗaya na kusurwa kashi 3,600, kowane kashi kuwa ana kiransa sakan na kusurwa. Faɗin wata a sama kimanin rabin digiri ne, watau sakan 1,800. Faɗin Mushtari yana tsakanin sakan 30 da 50, gwargwadon nisanta da ƙasa, faifan duniyar Zahalu kuwa, ban da zobenta, bai cika wuce sakan 20 ba. Madubi mai faɗin milimita 200 yana da ikon rarrabe abubuwa biyu da ke da tazarar kimanin sakan 0.6 a tsakaninsu, amma rawar iska a daren da ake ganin na kirki ne takan kai sakan 1 zuwa 3. Ke nan iska ce take yanke wa madubi hukunci, komai kyawunsa da tsadarsa.

A zamanin fim matsalar ta fi tsanani, domin sai an bar idon kyamara a buɗe na sakan ɗaya ko fiye kafin haske ya isa. A cikin wannan lokaci siffar duniyar ta riga ta karkace ta miƙe sau da yawa, duk kuma ya taru a kan fim ɗaya, sai hoto ya fito dishi-dishi. Wannan ne ya sa har cikin ƙarni na 20 mai zane da fensir yakan fi mai kyamara ganin ƙananan alamomin duniyoyi, saboda shi yana zaune ne yana jiran ɗan lokacin da iska za ta lafa, ya ƙyalla ido, ya zana abin da ya gani.

3.0 Dabarar Dace

A cikin wannan jira na mai zane maganin yake. Iska ba ta rawa bai ɗaya. A cikin kowane minti akwai 'yan lokuta ƙanƙana da takan daidaita, siffa ta fito tsaf. A shekarar 1978 masanin kimiyyar haske David Fried ya buga lissafin da ke nuna yawan damar da ake da ita ta samun hoto mai kyau, idan aka taƙaita lokacin ɗauka ƙwarai da gaske. Abin da ake bukata shi ne a ɗauki kowane hoto cikin kimanin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan, a ɗauki dubbai a jere, a zubar da marasa kyau, a riƙe waɗanda aka dace da su. Saboda haka ne ake kiran hanyar ɗaukar dace.

Sai dai hoton da aka ɗauka cikin irin wannan gaggawa haske kaɗan yake samu, don haka yakan fito da tsaki-tsaki kamar an barbaɗa masa dusa. Wannan dusa ba ta da tsari, inda ta faɗa a falle na farko ba nan take faɗawa a na biyu ba, alhali kuwa alamomin duniyar suna nan inda suke. Idan aka ɗora fallaye da yawa a kan juna aka fitar da matsakaicinsu, sai dusar ta riƙa kashe kanta, alamomin gaskiya su ƙarfafa. Ƙa'idar lissafin ita ce tsabtar hoto tana ƙaruwa gwargwadon tushen murabba'in yawan fallaye: fallaye 100 suna ba da ninki 10, fallaye 900 suna ba da ninki 30. Da yayyafi kogi kan cika.

4.0 Zuwan Kyamarar Kwamfuta

Dabara ta samu, saura kayan aikin da talaka zai iya saye. A shekarar 1969 Willard Boyle da George Smith na ɗakin binciken Bell a Amurka suka ƙirƙiro farantin lantarki mai karɓar haske da ake kira CCD, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2009. A 1991 wasu masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka kafa kyamara tana kallon tukunyar gahawarsu, don kada mutum ya taso daga ofis ya tarar babu komai a ciki. Aka jona ta da shafukan intanet a 1993, ita ce kuwa ake lissafawa a matsayin ta farko a irinta. A 1994 kamfanin Connectix ya fitar da QuickCam kasuwa, mai ɗigo 320 a kwance da 240 a tsaye, ba ta da launi.

Ba a jima ba masu sha'awar falaki suka gane cewa wannan na'ura tana yin daidai abin da suke nema, watau ɗaukar hotuna masu yawa a jere tana zuba su kai tsaye cikin kwamfuta. Wadda ta fi shahara a farkon shekarun 2000 ita ce ToUcam Pro ta kamfanin Philips, mai farantin CCD na ɗigo 640 da 480. Gyaran da ake yi mata mai sauƙi ne: a kwance gilashin gabanta, a ɗaura mata ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, a zura ta inda ake zura gilashin ido na madubi. Wasu ma gwangwanin robar fim na milimita 35 suke yanke wa gindi su liƙa, domin faɗinsa ya yi daidai. Da haka madubin hangen nesa ya zama shi ne gilashin kyamara. Ana kuma ƙara matacin da ke tare hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani amma faranti yana ji, in ba haka ba launi ya gurɓace.

Zakaran gwajin dafi ya zo a ranar 27 ga Agusta, 2003, lokacin da duniyar Mirrihi, watau Mars, ta matso ƙasa har tazarar ta koma kimanin kilomita miliyan 55.8, kusancin da ba a yi irinsa ba cikin shekaru kusan 60,000. Faɗinta a sama ya kai sakan 25. Hotunan da mutane suka ɗauka daga gidajensu a wannan shekara, masu nuna farar ƙanƙarar kudancinta da baƙaƙen alamomin bayanta, sun zarce da yawa daga waɗanda manyan madubai suka ɗauka a zamanin fim.

A yau an daina ƙera ToUcam, kuma galibin masu wannan aiki sun koma ga kyamarorin da aka yi musamman domin duniyoyi, masu farantin CMOS, irin na kamfanin ZWO na ƙasar Sin. Tsofaffin kyamarori suna aiki ne da igiyar USB 1.1 mai ɗaukar megabit 12 a sakan, don haka idan aka wuce fallaye 5 ko 10 a sakan sai kyamara ta matse hoton, ingancinsa ya ragu. Na yanzu masu USB 3.0 suna iya zuba fallaye fiye da 100 a sakan ba tare da matsewa ba. Kayan sun sauya, amma dabarar tana nan yadda take.

5.0 Daidaita Madubi da Kyamara

Kafin a fara ɗauka akwai lissafi ɗaya da ba makawa sai an yi, shi ne sanin yawan saman da kowane ɗigo yake gani. Ana ninka faɗin ɗigo, a ma'aunin maikiron, sau 206, sa'an nan a raba da tsawon tattara hasken madubi a milimita. Alal misali, ɗigon ToUcam maikiron 5.6 ne, a madubi mai tsawon milimita 2,000 kowane ɗigo zai ga sakan 0.58, Mushtari mai faɗin sakan 45 za ta cika ɗigo 78 kacal. Idan aka sa gilashin Barlow mai ninka tsawo sau 2, sai ta cika kimanin ɗigo 155, ƙananan alamomi su sami wurin fitowa. Wuce gona da iri a nan ba shi da amfani, domin hoto zai yi girma ya dusashe ba tare da ya ƙara bayani ba.

Har ila yau, ƙasa tana juyawa digiri 15 a kowace awa, watau sakan 15 na kusurwa a kowane sakan na agogo. A misalin da ya gabata, faranti duka faɗinsa bai wuce sakan 190 ba, don haka duniya za ta ratsa shi ta fice cikin sakan 12 ko 13 idan madubi yana tsaye cik. Saboda haka ana bukatar mazauni mai inji da ke bin sama a hankali. Bugu da ƙari, ya kamata a fitar da madubi waje tun da wuri ya huce, domin gilashi mai ɗumi yana haifar da tasa kawalwalniyar a cikin bututu. Kuma a guji hange ta saman rufin kwano ko daɓen siminti da ya sha rana.

6.0 Aikin Manhajar Ɗauka

Manhajar da ke zuwa tare da kyamarar hira an yi ta ne domin fuskar mutum a cikin ɗaki, ita take zaɓar haske da launi da kanta. Idan aka nuna mata ɗan faifai mai haske a tsakiyar baƙin sama, sai ta ɗauka duhu ya yi yawa, ta buɗe ido gaba ɗaya, duniyar ta zama farin dunƙule. Wannan ne ya sa masu sha'awa suka rubuta nasu manhajojin. Daga cikin na farko akwai K3CCDTools ta Peter Katreniak. Waɗanda suka fi yaɗuwa daga baya su ne FireCapture ta Torsten Edelmann na Jamus da SharpCap ta Robin Glover na Ingila. Aikinsu shi ne miƙa linzami ga mai ɗauka a kan abubuwa kamar haka.

Na farko, tsawon ɗaukar kowane falle, wanda ake so ya gajarta har ya riga iska motsi. Na biyu, ƙarfin da ake ƙara wa saƙon lantarki, wanda ke haskaka hoto amma yana ƙara dusa. Tun da ɗora fallaye zai rage dusar daga baya, an fi son a ƙara ƙarfi a gajarta lokaci. Na uku, jadawalin haske, wanda ke nuna yadda ɗigogi suka kasu tsakanin baƙi da fari. Ana so mafi haskensu ya tsaya wajen kashi 60 zuwa 70 bisa ɗari, domin ɗigon da ya cika ya tumbatsa bayaninsa ya ɓace ke nan har abada. Na huɗu, taƙaita fili, watau a umarci kyamara ta karanta ɗan murabba'in da duniyar take ciki kawai, abin da ke ƙara sauri ya kuma rage nauyi. Na biyar, adana bidiyon ɗanye, a tsarin SER ko AVI marar matsi. Nauyin ba kaɗan ba ne: falle mai ɗigo 640 da 480 yana da ɗigo 307,200, idan aka ɗauki 60 a sakan na minti 2 za a tara fallaye 7,200, kimanin gigabait 2.2. Na shida, wanda sau da yawa ake rainawa, shi ne rubuta lokacin ɗauka daidai bisa agogon duniya. Hoton da ba a san lokacinsa ba ado ne kawai, ba ya zama hujja.

Tsawon bidiyo ma yana da iyaka. Mushtari tana kammala juyi ɗaya cikin awa 9 da minti 55, don haka alamar da ke tsakiyar faifanta takan gusa kusan rabin sakan na kusurwa cikin minti 2. Wanda ya zarce minti 2 ko 3 zai shafe da juyin duniyar abin da ya ƙwato daga hannun iska. Mirrihi, mai juyin awa 24 da minti 37, tana ba da sarari fiye da haka. Manhajar WinJUPOS tana iya warware wannan juyi ta haɗa bidiyoyi da yawa su zama hoto ɗaya.

7.0 Tacewa, Ɗorawa da Fito da Bayani

Bayan ɗauka sai aiki ya koma kan tebur. Manhaja tana auna kaifin kowane falle, ta jera su daga mafi kyau zuwa mafi muni, mai aiki ya zaɓi kason da zai riƙe. A daren da iska ta lafa yana iya riƙe rabi, a daren da ta hargitse kuwa kashi 10 bisa ɗari ma ya isa. Sa'an nan ta daidaita fallayen a kan juna. Da yake iska ba ta karkata faifai duka ta fuska ɗaya, manhajojin zamani suna kasa shi gida-gida, su daidaita kowane gida shi kaɗai. RegiStax ta Cor Berrevoets na ƙasar Holan, wadda fitowarta ta 6 ta zo a 2011, ita ce ta yaɗa wannan aiki a tsakanin jama'a, daga baya AutoStakkert ta Emil Kraaikamp, shi ma ɗan Holan, ta karɓi ragamar ɗorawa.

Hoton da ya fito daga ɗorawa yana da tsabta amma yana da laushi, sai an wasa shi kafin ɗamarorin gajimare da Babban Jan Tabo na Mushtari su bayyana. A nan ne amanar mai aiki take shiga gwaji. Wasawa fiye da kima tana ƙirƙiro zobba a gefen faifai da tabbunan da babu su a sama, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce, duk alamar da ba ta sake fitowa a bidiyo na biyu ba, tana kuma tafiya tare da juyin duniyar, ba a yarda da ita.

Wajibi ne a ambaci iyakar wannan hanya. Ta dace da abubuwa masu haske, watau wata da duniyoyi. Gajimaren taurari masu dishi-dishi suna bukatar ɗauka ta mintoci, abin da ya sa Steve Chambers ya fito da hanyar sauya wayoyin cikin kyamarorin Philips don su daɗe ido buɗe. Game da rana kuwa, haramun ne a fuskantar da madubi gare ta ba tare da mataci na musamman a bakinsa ba, domin cikin ƙiftawa za ta ƙone faranti, ta makantar da ido.

8.0 Abin da Ilmi Ya Samu

Manyan madubai kaɗan ne, masu neman lokacinsu kuwa suna da yawa, ba za a iya tsare su kan duniya ɗaya dare da rana ba. Wannan giɓi masu sha'awa suka cike. A watan Fabrairu na 2006 Christopher Go na birnin Cebu a ƙasar Filifin ya lura cewa wata farar guguwa a Mushtari ta rikiɗe ta zama ja. A ranar 19 ga Yuli, 2009, Anthony Wesley na Ostareliya ya ga wani baƙin tabo kusa da kudancin duniyar, ya sanar. Madubin hukumar NASA da ke Hawai da madubin Hubble suka tabbatar cewa wani dutse ne ya faɗa mata, shekaru 15 bayan faɗawar tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 a 1994. A ranar 3 ga Yuni, 2010, Wesley da Go, kowa a ƙasarsa, suka ɗauki walƙiyar wani faɗawar da ba ta wuce sakan 2 ba. Da hoto ɗaya suke ɗauka da ta wuce su, da kuma mutum ɗaya ne ya gani da an ce kuskuren na'ura ne. Bidiyo biyu masu lokaci ɗaya su ne suka zama shaida. Masana sun ƙiyasta faɗin dutsen tsakanin mita 8 da 13. An sake ganin irin wannan walƙiya a 2016 daga Ostiriya da Ailan, da 2021 daga Birazil. Daga irin waɗannan rahotanni ake lissafa yawan ƙananan duwatsun da ke yawo a wancan yanki. Haka kuma, da kumbon Juno ya isa Mushtari a watan Yuli na 2016, masu kula da kyamararsa sun dogara da hotunan masu sha'awa wajen sanin inda alamomi suke kafin kumbon ya ratsa ta kansu.

9.0 Matsayin Ƙasar Hausa

Duniyoyi suna bin hanyar rana ne a sama, ba su cika nisanta da tsakiyar sama fiye da kimanin digiri 23.5 arewa ko kudu ba. Birnin Kano yana kan digiri 12 arewa, don haka ko a shekarar da Mushtari ta fi karkata kudu, takan haura digiri 54 daga doron ƙasa idan ta kai ƙololuwa. A Landan, mai digiri 51.5, a irin wannan shekara ba ta wuce digiri 15. Hasken da ya zo daga can ƙasa-ƙasa yana ratsa iska mai kauri ninki uku ko fiye, rawarsa kuma ta fi yawa. Wannan falala ce da mazaunin Kano ko Damagaram yake da ita a kan takwaransa na Turai, ba da kuɗi ya saye ta ba. Hazon hunturu yana rage haske yana kuma ɓata gilashi, saboda haka sai a rufe kaya da kyau, a kuma yi amfani da dararen da sama ta washe. Wani abin farin ciki shi ne fitilun birni ba su hana ɗaukar wata da duniyoyi, saboda haskensu ya rinjayi na fitilu.

10.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa iska ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar hoton duniyoyi, kuma ana cin galabarta ta hanyar ɗaukar gajerun fallaye masu yawa, a tace, a ɗora, a wasa cikin tsantseni. An ga yadda kyamarar hira da manhajojin da ɗaiɗaikun mutane suka rubuta suka sauko da wannan dabara daga cibiyoyin bincike zuwa tsakar gida. Abin da ya rage ga jami'o'i da makarantun sakandare shi ne su kafa ƙungiyoyin ɗalibai, su tanadi madubi matsakaici, da mazauni mai inji, da kyamara, da kwamfutar tafi-da-gidanka, su fara da wata, wanda ya fi sauƙin kamawa, kafin su wuce zuwa Mushtari da Zahalu. Ɗalibin da ya koyi auna kusurwa, da rubuta lokaci daidai, da ƙin yarda da alamar da bai tabbatar ba, ya koyi tarbiyyar da kowane fannin kimiyya yake bukata.